Malam-buɗe-littafi a Jikin Tukunyar Oksijin

Alhamis, bakwai saura kwata na safe

Na sake wanke jakar. Baban yara ya tsaya a ƙofar banɗaki da buroshi a baki, ya ce tun da yake bai taɓa ganin an dirje jakar fata da sabulun wanki ba. Na ce to yau ya gani, sai ya je ya ba da labari.

Ba zan rubuta abin da ya faru ranar Talata ba. Shekara tara ina akawun kwamitin lafiya na majalisar ƙaramar hukumarmu, aikina ke nan rubuta abin da ya faru, kuma na gaji. Wannan littafin nawa ne. Ba wanda zai karanta shi a zama na gaba ya ce "an amince?"

Alhamis, biyar na yamma

Mun je ta'aziyya gidan Direba, mai jan bas ɗin majalisa. Ni da matan ofis uku. Takalman 'yarsa suna nan a bakin ƙofa, ba wanda ya yi ƙarfin halin ɗauke su. Shekararta shida.

Uwar ta yi ta magana, mu kuwa muna ta cewa sai haƙuri. Ta ce asmar ta saba tashi, ba baƙon abu ba ne. Da ta tashi sai su ruga asibitin bayan gada, Sista ta sa mata oksijin, cikin awa ɗaya ta warware ta fara neman rigima. Har yarinyar tana kiran tukunyar oksijin ɗin "tukunyata", ta liƙa mata sitikar malam-buɗe-littafi a wuya don kowa ya sani. Ranar Talata da sha ɗaya suka je, Sista ta ce babu. Suka nemi motar haya zuwa babban asibiti. A hanya yarinyar ta cika. Wata tsohuwa ta miƙo wa uwar ruwa.

Da za mu fito Direba ya raka mu har waje, ya yi mini godiya. Ni yake yi wa godiya, wai na adana masa wayarsa.

Tunda na fara bari in faɗi wannan kaɗai. Ziyarar asibitocinmu uku ta ba-zata ce, haka dokar zama ta ce. Ana gobe za a fita, Shugaban kwamiti yake zaɓar wanda za a fara da wanda za a ƙare, in buga a takarda saboda rubutunsa ko shi ba ya iya karantawa, a sa a ambulan, in kulle a aljihun teburina. Da safe a karɓi wayar direba, domin wani kansila ya taɓa cewa direbobi ba su da sakata a baki. Wayar a jakata take wuni. Ranar Talata tun muna asibitin bakin kasuwa nake jin ta tana zuga a cinyata, har na yi tsaki. Sai da muka isa bayan gada da ƙarfe biyu na miƙa masa. Kira goma sha ɗaya.

Juma'a, goma na safe

Yaya bai kira ba.

Asabar, sha ɗaya da rabi na safe

Na ce bari in rage aiki in haɗa rahoton ziyarar a gida. Na share ɗaki, na juya kujeru, na mayar da su yadda suke, sannan na zauna.

A fom ɗinmu akwai layi goma sha huɗu: ruwa, wuta, gadon haihuwa, firjin allura, oksijin, da sauransu. A asibitoci ukun duk na sa alamar "akwai" a layin oksijin, da hannuna, Shugaba ya sa hannu a ƙasa. Na tuna yadda ya bubbuga tukunyar a asibitin kan tudu yana cewa wannan shi ne aiki. Ni kuma nake ɗaukar hotuna don rahoto.

Hoton kan tudu, tara da rabi: tukunya, da malam-buɗe-littafi ruwan hoda a wuyanta. Hoton bakin kasuwa, sha ɗaya da minti goma: tukunya, da malam-buɗe-littafi, fiffike ɗaya ya ɗan ɗaye. Hoton bayan gada, biyu da kwata: ita ce dai.

Na rufe kwamfutar. Na buɗe. Na ƙara girman hoton har ya koma dishi-dishi. Sitika dai ba a kan mutum ɗaya aka buga ta ba, na ce wa kaina, yara nawa ne ke da irinta. Amma fiffiken da ya ɗaye ɗaya ne a duka ukun.

Sha ɗaya da minti goma.

Asabar, bayan la'asar

Na ƙone shinkafa. Baban yara ya ci bai ce uffan ba, wannan ya fi ba ni haushi.

Litinin, ɗaya na rana

Takarda ta bi ta teburina: an dakatar da Sista, babbar nas ta bayan gada. Dalili, sakaci. Ta ce wa iyaye babu oksijin alhali kwamitin majalisa ya gan shi da idonsa a ranar. Sa hannun Daraktan lafiya ne a ƙasa. Na san sa hannun nan kamar yadda na san nawa, shi ya sa mini a katin jarrabawa tun daga aji uku, bayan rasuwar Baba.

To, na rubuta. Daraktan lafiya yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kowa a majalisa ya sani, Shugaba har tsokanata yake yi, wai ni ce kaɗai akawun da ke rubuta laifin gidansu.

A zaman yau Hedimasta ya miƙe. Tsohon shugaban makaranta ne kafin ya zama kansila, kuma har yanzu yana yi wa kowa tambaya kamar ya kama shi da satar amsa. Ya ce kafin a kori mace daga aikin shekara ashirin, ya kamata kwamiti ya ji ta bakinta da na Darakta. Shugaba ya ce wannan harkar ma'aikata ce, ba tamu ba. Hedimasta ya ce da shaidarmu aka ɗaure ta, saboda haka tamu ce. Kansilan da ke barci a ƙarshen tebur ya farka ya goyi baya, ina jin bai ma san abin da ya goya wa baya ba. An sa zama ranar Laraba ta mako mai zuwa.

Duk na rubuta. Akawu ba ta magana a zama sai an ce ta karanta. Hannu ne kawai ni.

Talata, takwas na safe

Mako guda.

Talata, huɗu na yamma

Tun ɗazu nake kallon kujerar shaida. Ƙafarta ɗaya gajera ce, an cusa mata kwali a ƙasa tun kafin in zo. Duk wanda aka gayyato sai ya zauna ta yi gefe da shi, ya dafa tebur, 'yan kwamiti su yi ƙasa da kai suna murmushi. An sha cewa a gyara, Shugaba ya ce a bar ta, tana sa mutum ya faɗi gaskiya da wuri.

Daga teburina zuwa wurinta taku huɗu ne. Ban san me ya sa na ƙirga ba.

Laraba, bayan magariba

Na je gaishe da Inna a gidan Yaya. Ta ce na rame, ta ce ko Baban yara ne. Na ce aiki ne. Ta ce aikin zama a ƙarƙashin fanka ne zai ramar da mutum?

Yaya ya kira ni falonsa ya tura ƙofa. Idanunsa sun faɗa, gashin bakinsa ba gyara, ban taɓa ganinsa haka ba. Ban zauna ba. Na ce masa na ga hotuna.

Ya zauna. Daga nan ya fara, a hankali, kamar yana karanta mini darasi. Tukunya ɗaya ce ke aiki cikin ukun, shekara huɗu ke nan. Sauran biyun kawunansu sun lalace. Ya rubuta zuwa sama sau nawa, ya buɗe fayil ya nuna mini, kowace wasiƙa da hatiminta na "an karɓa". Ya ce in tuna fom ɗinmu: asibitin da ya faɗi a layi uku, kwamiti yana ba da shawarar a rufe shi. Kan tudu ba ruwa, ba firji. In aka ƙara oksijin an rufe. Matan can su haihu a ina? A kan hanya?

Na ce wata dai ta ƙare a kan hanya.

Ya rufe fayil ɗin. Ya ce, "Ke kike gaya mini jerin, ƙanwata. Shekara shida. Ban taɓa fasa aljihun teburinki ba."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji kamar in kwaɗa masa fayil ɗin. Ana gobe ziyara yakan kira da yamma, mu yi hirar hawan jinin Inna, mu yi ta makarantar yara, sai can a ƙarshe ya ce, "To, gobe fa?" Ni kuma in ce kan tudu, kasuwa, gada. Shi ke nan, ko minti ɗaya ba ya kaiwa. Na ɗauka shara za a yi, a sauya zanen gado, a gaya wa masu gadi su sa yunifom. Haka na ɗauka. Ko kuwa haka na ga dama in ɗauka, ban sani ba.

Na tambaye shi Sista fa. Ya ce dakatarwa ce kawai, in ƙura ta lafa zai mayar da ita wani wuri. Na ce da sunan wadda ta hana yarinya iska? Ya ce in rage murya, Inna tana ji.

Da zan tafi Inna ta ba ni man zafi, wai in shafa a wuya.

Alhamis, shida na safe

Ina jin haushinsa. Ina jin tausayinsa. Shi ya riƙa goya ni a bayan kekensa zuwa makaranta, in ruwa ya sauko ya cire rigarsa ya rufa mini. Ina jin haushinsa.

Alhamis, sha biyu na rana

Na kai wa Shugaba daftarin rahoton. Ya juya shafuka yana lasar yatsa, ya zo kan hotuna, ya tsaya. Ban san ko ya lura ba. Mutumin nan yana iya kallon abu ido buɗe ya ce bai gani ba, kuma ka rantse da gaske yake. Ya ce hotuna suna cinye tawada, a cire su, rubutu ya isa. Na ce shekara tara muna sa hotuna. Ya ce to bana mun waye.

Ya kuma ce, yana murmushi, zaman Laraba gajere ne, kada in wahalar da hannuna. A rubuta an saurari ɓangarori, an gode musu.

Na cire hotunan daga rahoton. Ban goge su daga wayata ba. Na buga saiti ɗaya na sa a ambulan, na rasa inda zan ajiye, na mayar jakar nan.

Juma'a, uku na rana

Sista ta zo karɓar takardar gayyata. Ban taɓa ganinta ba yunifom ba, sai ta koma wata ƙaramar tsohuwa. Na ba ta kujera, na kawo mata ruwa, na yi ta neman biro alhali yana hannuna.

Ta ce za ta faɗi abin da ta sani: da sassafe akori-kurar sashen lafiya ta zo aka ɗauki tukunyar, kamar kowace ziyara, aka dawo da ita ɗaya da rabi. Ba takarda, ba sa hannu, ba a taɓa yi da takarda ba. Ta ce ta san ba za a yarda ba, maganarta ce da ta Darakta, ga kuma rahoton kwamiti. Ba korar ce ke damunta ba. A kasuwa jiya wata mata ta janye ɗanta daga kusa da ita. Ita da ta karɓi haihuwar rabin unguwar.

Ta ce ta yi wa yarinyar fifita da katin asibiti har motar ta zo. Da kati.

Ta sa hannu, ta ce, "Ke dai ki rubuta daidai, 'yar nan. Abin da nake roƙo ke nan."

Na ce in sha Allahu.

Asabar, biyu na rana

Na kwashe kayan kicin duka na goge kantoci. Na sami murfin tukunyar da nake nema tun bara.

Lahadi, biyar na yamma

Na gaya wa Baban yara. Duka, har da "to, gobe fa".

Na zaci zai yi faɗa, ko ya yi wa'azi, ya iya duka biyun. Sai ya zauna yana murɗa maɓallin rediyo ba tare da ya kunna ba. Ya tambaya in na yi magana me zai faru. Na ce aikina ya tafi, na Yaya ma, wataƙila a rufe kan tudu, Inna kuwa ba na ma son in tuna. Ya ce in kuma ban yi ba? Na ce ba abin da zai faru. Ya ce to ai shi ke nan, tunda ba abin da zai faru me ya sa nake goge kantoci.

Na ce ya fita mini daga ɗaki. Ya fita, ya dawo da shayi.

Litinin, tara na safe

Na duba littafin dokokin zama, wanda ba mai buɗe shi sai Hedimasta. Akwai sakin layi guda: kowane ma'aikacin majalisa yana iya ba da shaida in kwamiti ya yarda, amma mai ba da shaida ba zai riƙe bayanan zaman ba. Ma'ana sai na ajiye alƙalami. In na ajiye kuwa na san ba za a sake miƙo mini ba.

Na mayar da littafin. Na sake ɗaukowa na duba ko na karanta daidai.

Litinin, huɗu da rabi na yamma

Direba ya dawo aiki yau. An ce ya ƙara hutawa, ya ce zaman gida ya fi tuƙi wahala. Shi ke raba wa kansiloli rahoto gida-gida, ni kuma dole in bi shi saboda sa hannu. Mu biyu a bas mai kujera goma sha takwas. Na zauna can baya kamar mai laifi, ya ce in dawo gaba, ba ya son ya ji kamar ya ɗauko gawa. Na dawo gaba.

Mun raba biyar. A hanyar gidan Hedimasta, daidai inda titi ya rabu zuwa gada, sai ya rage gudu ba dalili. Ba kowa a gabanmu, ba kowa a baya.

Ya ce a nan ne. Ya ce duk ranar ziyara, in ya hango akori-kurar sashen lafiya a madubi, da tamfol a bayanta, sai ya sassauta ya kauce ta wuce. Ba wanda ya taɓa ce masa ya yi. Direbanta abokinsa ne, kuma ya ga ai taimakon juna ne, kada a kunyata mutane gaban manya. Ya ɗauka katifu ne da kujeru. Ranar Talatar ma ya kauce mata sau biyu, har ya ɗaga wa abokin hannu.

"Anti, ni na ba ta hanya," ya ce. "Sai daga baya Sista ta gaya mini abin da ke ƙarƙashin tamfol ɗin."

Na ce me ya hana shi faɗa wa kwamiti. Ya yi 'yar dariya. Ya ce shi da ake karɓe wa waya don ba a yarda da bakinsa ba? Kuma bai ga komai da idonsa ba, tamfol ya gani. Abin da ya kasa ganewa, in ji shi, shi ne yadda suke sanin jerin. Shi kansa sai an tayar da mota ake gaya masa. Ya daɗe yana tunanin ko Shugaba ne.

Ambulan ɗin hotunan yana cikin jakata, a kan cinyata, daidai inda wayarsa ta yi ta zuga.

Na ce ba Shugaba ba ne.

Bai juyo ba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya dube ni ta gefen ido sau ɗaya, ya mayar da ido kan titi. Muka gama rabon. Da ya sauke ni a ƙofar gida ya ce a gaida yara.

A gaida yara.

Talata, bakwai na safe

Mako biyu. Ban iya karyawa ba.

Talata, shida saura na yamma

Yaya ya kira. Mun yi maganar maganin Inna, wai sabon yana sa ta jiri. Mun yi maganar jarrabawar babbar 'yata. Ina jin numfashinsa a waya, na san abin da ke tafe, na ji kamar in kashe kafin ya iso.

"To, gobe fa?"

Shekara shida ina amsa tambayar nan kafin ya rufe baki. Na ce, "Yaya, gobe ka faɗa da bakinka, ka riga ni. Na roƙe ka."

Ya ce in tuna wanda ya raine ni. Na ce shi ya sa nake gaya masa tun yau. Sai da na faɗa na lura, ko wannan ma sanarwar ana-gobe ce na ba shi. Hali dai.

Ya kashe.

Laraba, takwas da kwata na safe

Na goge takalmi. Na ɗauki biro biyu, ban san don me ba.

Laraba, uku da rabi na yamma

Zan rubuta daidai, ko da ba ni ce akawu ba.

Sista ta fara. Kujerar ta yi gefe da ita, ba wanda ya yi murmushi. Ta faɗi abin da ta gaya mini, ba ƙari. Shugaba ya tambaya ko tana da takarda, ta ce babu. Ya gode mata.

Yaya ya zauna. Ya yi aski, ya sa farar riga. Hedimasta ya tambaye shi ko an taɓa fitar da tukunyar bayan gada ranar ziyara. Na tsayar da biro ina jira. Ya ce babu wani rubutu a ofishinsa da ya nuna haka. Na rubuta: babu wani rubutu. Hannuna ya rubuta, ina kallonsa.

Shugaba ya duba agogo ya ce to an saurari ɓangarori. Sai na ji na miƙe. Shekara tara ba a taɓa jin muryata a ɗakin nan ba sai da karatu, har kansilan ƙarshen tebur ya farka. Na ce ina neman izinin ba da shaida, na faɗi lambar sakin layin. Shugaba ya ce akawu ba ta magana. Hedimasta ya riga ya buɗe littafin, ya ce tana yi in ta ajiye alƙalami. Ya miƙo hannu, na ba shi biro da littafin zama. Aka ƙirga hannuwa, huɗu da biyu.

Taku huɗu ne, ban yi kuskure ba. Shekara tara ina jin ƙarar kujerar nan, ban san haka take yin gefe da mutum ba.

Na jera hotunan uku a tebur. Na nuna malam-buɗe-littafin, na karanta lokacin kowanne, na faɗi wadda ta liƙa shi. Hedimasta ya tambaya ta yaya sashen lafiya ke sanin jerin da ke kulle a aljihun tebur. Na ce ni ke faɗa, a waya, ana gobe, shekara shida. Ya ce in maimaita a hankali, yana rubutawa. Na maimaita.

Ban kalli Yaya ba. Takalmansa na kalla.

Hedimasta ya juya ya ce, "Darakta, tukunya nawa ke aiki a asibitoci ukun nan?"

Fanka ta yi ta juyawa. Can Yaya ya ce, "Ɗaya." Ya ciro fayil ɗin wasiƙun daga jakarsa ya ajiye a tebur. Ashe ya zo da shi. Ya ce a karanta, kuma a ɗage wa Sista dakatarwa, shi ya aika motar.

Sai kansilan ƙarshen tebur, wanda yau ya wartsake sosai, ya kawo shawara: tunda magana ta kai haka, a aika yanzu a ɗauko tukunyar a kawo gaban kwamiti, kowa ya ga sitikar da idonsa. Wallahi biyu sun ɗaga hannu. Shugaba har ya leƙa ƙofa yana cewa a kira direba.

Direba yana tsaye a bakin ƙofar tun farko, ba wanda ya lura.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "a bar ta inda take. Ba a san wa za a kawo ba."

Hannuwan suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Hedimasta ya rubuta wannan ma, na ga bironsa yana tafiya.

Alhamis, sha ɗaya na safe

Na miƙa makullin aljihun tebur. An ce in zauna a gida har sai an neme ni. Sista za ta koma aiki Litinin. Maganar kan tudu an ɗaga zuwa wani zama, ban san yadda za ta ƙare ba, kuma ba ni zan rubuta ba.

A bakin get Direba ya tsayar da ni. Ya ce uwar yarinyar tana son hoto ɗaya, wanda sitikar ta fi fitowa. Na duba, na bakin kasuwa ne ya fi fitowa, mai sha ɗaya da minti goma. Na ba shi na bayan gada. Ya karɓa da hannu biyu. Bai yi mini godiya ba, na ji daɗin haka.

Alhamis, biyar da rabi na yamma

Inna ta aiko a ce mini kada in zo tukuna.

Na kira Yaya. Tana shiga, ba ya ɗauka. Na san tana aljihunsa, yana jin ta. Na kira sau goma ina ƙirgawa.

Na goma sha ɗaya ne na kasa.